Raunin Uwa

Kurna, Kano
8 ga Yuli, 2002

Zuwa ga Baffana, Malam Haladu, Gwiwa.

Assalamu alaikum. Na durƙusa ina gaishe ka, ina gaida uwargidanka Adda da duk mutanen gida, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Mu nan lafiya lau, sai Baba da baya yake ɗan damunsa saboda zaman keken ɗinki.

Baffa, ni ce Asma'u 'yar ƙaninka Salisu, wadda ka riƙa. Na san shekara goma sha uku ke nan ba ka ga ko layi ɗaya daga hannuna ba. Ba ni da hujja. Da ina ƙarama ban iya ba, da na girma kuma nauyin abin ya hana ni.

Bara na gama makarantar koyon aikin gona. Akwai wata ƙungiya mai taimaka wa mata manoma da take neman malaman gona mata. Ofishinta yana Kazaure, aikin kuma a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura. Sun kira ni intabiyu ranar 14 ga Agusta, wato za a zaunar da ni gaban mutum uku ko huɗu su yi ta yi min tambayoyi. Idan na samu, kusa da ku zan dawo, in riƙa zuwa ina gaishe ka.

Wata da ta taɓa shiga ta ce min ba karatu suke tambaya ba, hali suke nema. Sai su ce, “Ba mu labarin ranar da kika raba wata rigima,” ko “ranar da kika yi kuskure, me kika yi bayansa?” Labarin gaske suke so, na ƙauye in da hali. Ni kuwa zaman ƙauyena duk a gidanka na yi shi, kuma yawanci ya shige min duhu. Don Allah ka tuna min.

Tambaya guda ce ta fi tsaya min a rai. Ta ce ba sa tsallake ta: za su ce in faɗi raunina, da yadda zan yi aiki da shi. Ta ce a nan suke kayar da mutane, kuma wanda ya yi ɓoye-ɓoye sun fi saurin gano shi.

Sama'ilu direba ne zai kawo maka wannan. In ka ba shi amsa zai ajiye min a shagon Baba.

'Yarka,
Asma'u

*

Gwiwa, ranar Lahadi, ana noman maimai

Zuwa ga Uwa,

Wa alaikumus salam. Sunan da kika sa a ƙasan takarda ba zan maimaita shi ba. Sunan mahaifiyata ne, bakina bai taɓa kiransa ba, alƙalamina ma ba yau zai fara ba.

Muna lafiya. Ruwa ya sauka, gero ya kai ƙugu. Adda tana amsawa, ta yi kuka har ta ba ni haushi. Ni kuma ƙafar hagu ce take ta mita, ina zaune a Gwiwa amma gwiwar ce ta fara juya min baya.

Takardarki ta zo Alhamis, sai Asabar na gama ta, don karatuna na yaƙi da jahilci ne, wata huɗu a gindin tsamiya tun Turawa suna nan. Adda ta ce in kai wa hedimasta ya karanta min. Na ce takardar da na jira shekara goma sha uku, ba wanda zai riga ni jin abin da ke cikinta.

Kin ce “wadda ka riƙa,” kamar akwai wata da zan rikita ki da ita. Ke kaɗai ce. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ranar da aka yaye ki ubanki ya ɗauko ki da hannunsa ya ɗora a cinyar Adda, ya ce, “Yaya, ga uwarka nan, taka ce duniya da lahira.” Ba ni na roƙa ba. Shekara bakwai kina cin tuwon gidan nan. Rana ɗaya kuma ya tsaya a bakin asibitin Kazaure, gaban mutane, ya ce, “Yaya, ka kusa kashe min 'ya.” Min. Ya sa ki a mota, ko tsummokaranki bai zo ya ɗauka ba. Ciwon bayansa kuwa, Allah ya sawwaƙe. Ba sai kin ce masa na ce ba.

Sai kuma wannan magana ta “idan na samu zan riƙa zuwa.” To, idan ba ki samu ba fa? Wato sai waɗansu mutum huɗu da ban san iyayensu ba sun yarda kafin in gan ki.

Wannan intabiyu ma ban gane kansa ba. A zamaninmu in za a ɗauki mutum aikin gona, garma ake miƙa masa a ga yadda kunyarsa ta miƙe. Yanzu kuma sai a ce ya ajiye kunya a bakin ƙofa, ya shiga ya zauna ya yabi kansa gaban baƙi. Amma tunda haka suke so, ga shi, ki riƙe.

Na rigima. Kina shekara takwas, lokacin injin niƙana ne kaɗai a unguwa. Kullum mata sai sun yi faɗa a kan wadda ta riga ajiye ƙwarya, har wata rana aka kifar da dawar matar liman. Washegari na fito na tarar da ke zaune a bakin rumfa da tsakuwa cike da gwangwani. Wadda ta fara zuwa ki jefa mata tsakuwa ɗaya a ƙwarya, ta biyu ki jefa biyu, haka haka. Ba wanda ya sa ki. Da wata Bafillatana ta zo da nono a ka, kika ce a fara niƙa mata, don nononta zai yi tsami a rana, dawar sauran kuwa ba abin da zai same ta. Matar liman ta ce, “Ji min 'yar banza, ta zama alƙaliya.” Amma ta yarda. Ki faɗa musu wannan, ban da “'yar banza.”

Na kuskure. Na ba ki kiwon tumaki biyar a bayan dutse, kika dawo da huɗu. Yaran unguwa in haka ta same su sai su ce kura, ko su ce ɓarawo. Ke kika zo kika tsaya gabana, ina alwala, kika ce, “Baffa, barci na yi.” Na ɗaga hannu, sai na rasa inda zan sauke shi. Kika ce kin san inda take son zuwa. Muka tafi, muka same ta a gonar wake ta Daudu, ta yi ɓarna. Kwana uku kina zuwa kina taya shi tsinkar wake, ba wanda ya ce ki je.

Maganar da kika sa a ƙarshe, na gani. Ban san har ofis ma ana tonon irin wannan ba. Me ya haɗa su da hannunki? Da hagu ake koya wa mata shuka? Ki sa mayafi mai faɗi, ki ajiye hannun a ciki. In sun matsa, ki ce musu injin niƙa ne ya kama ki kina yarinya, ƙaddara ce. Haka na faɗa tun ranar, haka zan faɗa gobe.

Ni ne,
Haladu

*

Kurna, Kano
18 ga Yuli, 2002

Baffa,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta takardarka sau uku, na yi dariya, na yi wanda ba dariya ba. Tsakuwar nan na manta ta sam, sai da ka faɗa na ji nauyin gwangwanin a cinyata.

Ina sauri ne don Sama'ilu yana lodi. Baffa, ba ka fahimce ni ba, kuma laifina ne da ban yi bayani ba. Ba raunin hannu suke nufi ba. Raunin hali ne, wato inda mutum yake da gazawa, kamar saurin fushi ko jinkirin aiki. Ba ruwansu da yatsuna. Don Allah kada ka sa wannan a ranka.

Ka gaida Adda, ka ce ina kewar ɗanwakenta.

Asma'u

*

Gwiwa, ranar Juma'a, gero ya fara fitar da kai

Uwa,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Alhamis uku ke nan ina zuwa tasha. Ba Sama'ilu, ba takarda. Waɗansu sun ce motarsa ce ta lalace a Kano, waɗansu sun ce ya koma hanyar Daura. Ni dai na san in mutum yana son aiko da amsa ba ya rasa wanda zai ba. Adda ta ce, “Kai ma ka san abin da ka rubuta mata.” Na ce me na rubuta? Ta ce, “Yarinya ta ce an ce kada ta ɓoye, kai ka ce ta sa mayafi.” Daga nan ba ta ƙara ce min komai ba sai “ga tuwo.”

Na lissafa, saura kwana biyar ki shiga gabansu. Na yi ta juya abin. Kin ce wanda ya ɓoye sun fi saurin gano shi. In kika ce ƙaddara, za su ce yaya aka yi. In kika ce ke kika kai hannu, za su ce wannan ba ta da hankali, ba za a ba ta amanar matan mutane ba. Su hana ki, ke kuma ki ce ba ki samu ba, shi ke nan, in mutu ban gan ki ba.

Saboda haka ga takarda ta biyu a ciki. Ba taki ba ce, tasu ce. In sun zo kan tambayar, kada ki ce komai, ki miƙa musu. Wani mai kai hatsi kasuwar Dawanau zai ajiye a shagon ubanki. Ban sami ambulan ba, na naɗe da zare.

Zuwa ga masu tambaya na ofis a Kazaure.

Ina gaishe ku da aiki. Sunana Haladu, a Gwiwa kowa ya san Haladu mai inji, ko da yake injin ya daɗe da barin hannuna. Yarinyar da ke gabanku ni na riƙe ta. Raunin da za ku tambaye ta, ni ya kamata ku tambaya, ita tana shekara tara.

Ba ita ta kai kanta ba, ni na aike ta. Ina hira da wani a bakin rumfa kan maganar iyakar gona, ban so in katse ba, na ce, “Uwa, je ki tura hatsin nan ya sauka.” Murfin da yake rufe bel ɗin injin kuma ni na cire shi tun sati biyu kafin nan, don yana ƙara, na ce zan mayar ban mayar ba. Bel ya ja mayafinta, ya haɗa da hannun.

Wannan ɗaya. Na biyu ya fi shi. Matata ta ce a tafi asibiti a take, na ƙi. Na ce ni da nake ɗaure wa shanu rauni su warke, ba sai na kai 'yata wani ya nuna min ba. Na sa garin bagaruwa na ɗaure da tsumma. Kwana huɗu. Yarinyar nan ba ta yi min kuka ba sai in ta ga na fita. A rana ta biyar hannun ya kumbura har gwiwar hannu, sannan na ɗauke ta. Likita ya cire ɗan ƙaramin yatsa, ya ce na kusa da shi ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, ya ce da an kawo ta ranar farko da duk suna nan. Da ubanta ya zo na ce masa ita ta je da kanta, ban sani ba. Ƙarya na yi. Haka na faɗa wa kowa har yau.

Ban san yadda hannun yake yanzu ba, rabona da shi yana cikin bandeji. Amma na san mai hannun. In kun ba ta aiki ta yi kuskure, ita za ta zo ta faɗa muku kafin ku ji a bakin wani. Ba a wurina ta koya ba.

In akwai wanda za ku kayar a kan wannan rauni, ga ni a Gwiwa. Ita ku ba ta aikinta.

Haladu

*

Kurna, Kano
19 ga Agusta, 2002

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Adda. Na je Kazaure na dawo lafiya.

Motar Sama'ilu ce ta lalace, wata guda tana gareji, takardar da na rubuta maka tun Yuli tana cikinta. Zai kawo maka su tare. Ka fara karanta waccan, gajera ce.

Taka ta iso ana gobe zan tafi. Mai hatsin ya miƙa wa Baba a shago, zaren ya kwance a hanya. Baba ya ga an rubuta “masu tambaya,” ya zaci ta ofis ce, ya karanta. Da na kawo masa abinci na tarar ya ture keken, rigar mutane tana ƙasa. Ya miƙo min ya ce, “Karanta min, idona ba ya gani sosai.” Na san ya riga ya karanta. Na karanta masa har ƙarshe. Ya ce, “Yaya ne ya rubuta wannan da hannunsa?” Na ce shi ne. Bai ƙara ɗinki ba ranar.

Baffa, na san kai ka aike ni. Ban manta ba. A asibiti Baba ya tambaye ni, na ce ni na je da kaina, don na ji haka ka faɗa masa a bakin ƙofa, na zaci in na faɗi daidai da naka za a bar ni in koma gida. Ba a bar ni ba. Ban taɓa riƙe ka da hannun nan ba. Da shi nake riƙe fartanya, da shi nake sa wa Baba maɓalli a riguna. Abin da na riƙe ka da shi, ba ka biyo ni ba.

Takardar ban ba su ba. Ba tasu ba ce.

Su uku ne, mace ɗaya. Na ba su labarin tsakuwa, macen ta yi dariya ta ce har yanzu ana wannan faɗan a bakin famfo. Na ba su na tunkiya. Da suka zo kan rauni na ce nakan bar magana mai nauyi ta daɗe ban yi ta ba. Suka ce in ba da misali. Na ba su na shekara goma sha uku da na yi ban rubuta maka ba. Suka ce me nake yi a kai, na ce na fara rubuta wasiƙa. Hannuna kuwa yana kan tebur tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ce komai.

Sun ce sai ƙarshen Satumba za a ji sakamako. Mu goma sha ɗaya ne, uku za su ɗauka. Ba zan jira su ba. Ranar Alhamis 29 ga wata zan biyo Sama'ilu. Baba ya ce ba zan yi tafiyar ni kaɗai ba, wai hanya ba kyau da damina. Alhali hanyar da na bi na je Kazaure ni kaɗai ce.

'Yarka,
Uwa

*

Gwiwa, ranar Asabar

Uwa,

Mun amsa gaisuwa. Takardunki biyu sun zo tare. Na fara da gajerar kamar yadda kika ce, na karanta, na sake karantawa, sannan na kira Adda na ce, “Zo ki ji abin da 'yan boko suka yi min.” Raunin hali! Mutum ya ce rauni, kowa ya san jini ake nufi. Adda ta ce ai ko a wa'azi ana cewa ɗan Adam mai rauni ne. Na ce to me ya hana ki faɗa tun farko? Ta ce, “Ka bari na ga takardar?” Wato shekara goma sha uku ina riƙe da magana, kalma ɗaya ta zo ta fizge ta, kalmar ma ba ita ake nufi ba.

Ba zan janye ba. Na rubuta, na rubuta. Tunda ubanki ya karanta abin da ba nasa ba, ya huta da tambaya.

Doguwar kuma, da na zo inda kika ce kin faɗi daidai da nawa don a bar ki ki dawo, na ajiye ta na ɗauki fartanya na tafi gona. Ban nome komai ba.

Kin ce ban biyo ki ba. Na biyo. Sau biyu na shiga mota, sau ɗaya har na sauka a Kurna, na hango shagon, na tsaya a wurin mai rake har la'asar, na juya. Na ce shi ya ɗauke, shi zai dawo da ke. Ba na cewa daidai ne. Ina gaya miki ne kawai don kada ki ce ban taso ba.

Waɗancan mutum uku, in sun ɗauke ki sun yi wa kansu. In ba su ɗauke ki ba, matan Gwiwa ba sa bukatar takardar ofis kafin su saurari mutum, ga gonar bayan gida nan ba mai kula da ita.

Ki ce wa Salisu hanya ba kyau, gaskiya ne, ya kyauta da zai rako ki. Ya taho da abin shimfiɗa mai taushi saboda bayansa, gadon kara ne a ɗakin baƙi. Wannan kina iya cewa ni na ce.

Adda ta sa an share ɗaki, ta jiƙa kuka da kanwa tun yau kamar gobe ne Alhamis ɗin. Na ce mata saura kwana biyar, ta ce in fita mata daga madafi.

Abu ɗaya. Sama'ilu yakan iso bayan azahar, mutane da yawa suke sauka. Za ki ga benci a gindin darbejiya, gefen mai shayi, a nan zan zauna. Yarinya 'yar shekara tara na sani, ban san fuskar da za ki zo da ita ba. Kada ki tsaya kina jira in taso, ba ƙi na yi ba. Ki zo har gabana ki ce min ke ce.

Baffanki,
Haladu